Kacala: An Kashe Maciji, Ba a Sare Kansa Ba

Duk wanda ya bi kogin Haɗeja daga Ringim, ya ratsa Miga da Auyo har Guri, ya san ciyawar kacala. Ta fi mutum tsayi, ta haɗe baki da bakin ruwa, har masunci sai ya sa lauje ya yanke hanya kafin kwale-kwalensa ya wuce. Inda ake jefa koma a kwaso karfasa, yanzu duhuwar ciyawa ce.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin kan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ta kasa yaɗo. Yanzu ruwa marar zurfi na kwance shekara zagaye, wanda shi ne abin da kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta kauce ta faɗa garuruwa, kamar yadda muka gani a 2022.

Ba ɗan Adam kaɗai ke ɗanɗana kuɗarsa ba. Dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, masaukin tsuntsaye ne da ke tsere wa hunturun Turai, ga dinya da zalɓe na gida. Suna buƙatar buɗaɗɗen ruwa da 'yan tsibiran da suke sauka a kai. Da kacala ta mamaye, sai jan-baki ya samu mafaka, ya riƙa tasowa garke guda yana kakkaɓe shinkafar manomi. A tsibirin Guam, nau'in maciji guda da ya shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarar da tsuntsayen dajin. Dausayi a tsakiyar ƙasa mai fari shi ma tsibiri ne: wanda aka kora ba shi da wurin zuwa.

Mun yaba wa gwamnatin Jigawa da ta sayo injinan yashe kogi. Amma yanka kaɗai ba magani ba ne, saiwar na nan. Muna kira ga mahukunta a Dutse da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su zauna da Kano da Yobe, a tsara sakin ruwa yadda fadama za ta riƙa shan iskar rani. A koya wa matasa yankan kacala a ƙarƙashin ruwa, domin haka ke shaƙe ta, a kuma mayar da ita gawayi da taki. Ranar da kacala ta zama kuɗi, ba sai an roƙi kowa ya ɗauki lauje ba.