Zancen Gida: Baƙo a Ƙasar Auyo

Iyalai daga kudu sukan tambaye mu yadda zama yake a Auyo, kusa da Haɗejiya. Kada kogi da koren fadama su ruɗe ku. Damina wajen wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran shekara iska a bushe take.

Da hunturu leɓe da ƙafa sukan tsage, yara su yi haɓo. Ku shafa musu man kaɗanya safe da dare. Da bazara kuwa zafi yakan wuce digiri 40. Baƙo ba ya ganin gumi a jikinsa, gama iska tana shanye shi, sai ya ɗauka ba ya bukatar ruwa. Uwargida, ki cika randa da ruwa mai tsabta, ki ba yara tun ba su roƙa ba. In fitsarinsu ya yi ja, ruwan bai ishe su ba.

Lokacin nan ne kuma na sanƙarau, wanda ya kashe dubban mutane a Arewa a 1996. Ku yi rigakafi, kada ku cunkushe cikin ɗaki ɗaya. Yaron da zazzaɓi ya kama, wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira gari ya waye.