Ambaliyar Lugbe: wa zai biya diyyar ɗan haya da baƙo?

A watan Yunin 2023 ruwa ya sake mamaye rukunin gidaje na Trademore da ke Lugbe, har Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Tun daga nan muhawara ta karkata ga rusau, aka bar maganar diyya a baya. Ɗan hayan da kayansa suka lalace, da baƙon da ya jikkata, wa za su kai ƙara, kuma da wane kuɗi?

Doka ta tanadi haƙƙinsu. Wanda gida ko shago ke hannunsa wajibi ne ya kare duk wanda ya shigo da izini daga haɗarin da ya sani, ko ya kamata ya sani. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya tilasta yi wa gine-ginen jama'a inshora, har da gidajen haya, saboda rushewa, gobara da ambaliya. Sabuwar dokar inshora ta 2025 ta ci gaba da wannan tilasci.

Wahalar tana wajen karɓar haƙƙin. Ma'aikaci mai matakin albashi na 8 da ya rasa katifa, firji da takardun makaranta ba zai iya biyan lauya da injiniyan da zai tabbatar da aibin magudanar ruwa ba, domin kuɗin shari'ar ya fi asarar. Idan kuma jami'in gwamnati zai ƙara, Dokar Kare Jami'an Gwamnati wata uku kacal ta ba shi.

A nan ƙarar taron dangi take da amfani: mutum ɗaya ya tsaya a madadin duk waɗanda cuta iri ɗaya ta shafa, a raba kuɗin shari'a, hukuncin ya hau kan kowa. Amurka ta daɗe da wannan tsari. Najeriya ba ta da doka ta musamman a kansa, ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya ma sun taƙaita shi ga haƙƙin mallakar fasaha. Iyalan yaran Kano da aka gwada wa maganin Trovan a 1996 sun bi shari'arsu har Amurka, kuma sai a 2009 Pfizer ta sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa Majalisar Tarayya yi wa Abuja doka. Hadiman da ke tsara ƙudurori suna iya fara da abu huɗu: izinin alƙali kafin a buɗe ƙarar, sanar da duk wanda ta shafa, damar ficewa ga wanda bai so, da iyakance kason lauyoyi. Kafin nan, ya kamata mai neman haya a Lugbe ya ga takardar inshorar gidan kafin ya biya kuɗin shekara.