Bikin 'Yancin Kai Na Su Ne Su Ma

Ran 1 ga Oktoba masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai kan ba ma'aikata hutu. Mu kan ɗauki yara a adaidaita-sahu mu tafi kallon fareti, daga nan sai majami'a, inda ganguna da lasifika ke tashi har yamma. Haka muka saba.

To amma akwai gidajen da wannan rana ta zame musu ta kulle. Yaron da ke da lalurar galahanga ba ya jure ƙara da cunkoso. Busar kakaki ko hon ɗin mota kan sa ya toshe kunne, ya yi ta kururuwa. Mu kuwa sai mu ce rashin tarbiyya ne, wasunmu ma su ce aljanu ne, a kawo shi a yi masa addu'ar kora. Don gudun wannan kunya uwarsa take zaman gida, mu kuma ba mu tambayi dalili ba.

Tun 2019 Nijeriya ke da dokar hana wariya ga masu naƙasa. Bai kamata ikkilisiya ta jira doka ta tuna mata ba.

Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi. Dattawa su keɓe ajin makarantar Lahadi guda, nesa da lasifika, inda yaro zai huta in abin ya yi masa yawa. A rage ƙarar kayan kiɗa. Masu mota cikin 'yan'uwa su ɗauko waɗannan iyalai da sassafe, kafin hanyar Sabon Gari ta cushe. Zumuntar mata kuma ta fara da ziyartar iyayen, ta ji daga bakinsu abin da yaron ke iya ɗauka.