Keke sai da birki

Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin hanya tsakanin unguwar Bukoki da kasuwar Katako zai ga irin nauyin da keke yake ɗauke wa talaka a birnin Yamai. Ga mai burodi da kwandonsa a baya, ga ɗan makaranta da jakarsa, ga magini ya ɗaure kayan aikinsa, ga mai gadi yana komawa gida bayan ya kwana a bakin aiki. Keke ba ya shan mai, ba ya fid da hayaƙi, gyaransa kuma bai fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin hali ba. Saboda haka duk abin da ya shafi keke ya shafi jama'a, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

A cikin shekarun nan wani irin keke ya yi farin jini wajen samarin manyan biranen duniya, suna kiransa fiksi. Bambancinsa da keken da aka saba gani a Bukoki yana ga tayar baya. A keke na yau da kullum, mahayi yana iya daina tuƙa feda, taya ta ci gaba da juyawa, shi kuwa ya huta. A fiksi kuwa, ɗan farantin haƙoran da sarƙa take kamawa an ɗaure shi ne gam da tayar baya. Muddin taya tana juyawa, feda ma tana juyawa, ƙafar mahayi kuma tilas ta bi ta. In ya so rage gudu, sai ya tokare fedar da ƙarfin ƙafarsa. In ya so tsayawa farat ɗaya, sai ya danne ta har tayar baya ta ja ƙasa.

Wannan keke ba sabon abu ba ne. Haka kekunan farko suke, kafin a ƙago na'urar da ke barin taya ta juya ita kaɗai. Har yau da shi ake tsere a filayen da aka gina musamman domin tseren keke, kuma a ƙasar Japan tun shekarar 1948 ake yin gasar da suke kira keirin da irinsa. Daga filin tsere ne ya fito kan titi, ta hannun ƴan aike masu kai takardu da keke a birnin New York na Amurka, waɗanda suka so shi domin rashin nauyinsa da sauƙin gyaransa. Daga nan samari suka mai da shi ado, ya bazu zuwa Landan, Paris da Tokyo. Yanzu da wayar hannu ta shiga kowane gida, abin da saurayin Paris ya yi da safe, saurayin Bukoki yana kallonsa kafin azahar. Tsofaffin kekuna kuma ana shigo da su daga ƙasashen waje, masu gyara kuwa ba abin da ke gagarar hannunsu.

Gaskiya ita ce keken yana da abin yabo. Kayan da ke jikinsa kaɗan ne, saboda haka abin da zai lalace ma kaɗan ne. A gari irin Yamai, inda ƙurar hunturu da rairayi suke cinye ƙarfe, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Haka kuma, duk abin da zai sa saurayi ya ga keke abin alfahari ne, ya daina ganinsa alamar talauci, abu ne da ya kamata a yi maraba da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya kanta, a shekarar 2018, ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Maƙwabciyar ƙasa Burkina Faso kuwa ta daɗe da ba keke daraja, har ta kafa gasar Tour du Faso tun shekarar 1987.

Amma akwai wani hali da ya biyo wannan yayi, wanda bai kamata a bar shi ya sami gindin zama ba: cire birki. Samari da yawa a waɗancan birane suna hawan fiksi ba birki ko ɗaya, wai domin keken ya fi kyan gani, kuma a ce da su gwanaye. Sun manta cewa a filin tsere kowa hanya ɗaya ya nufa, ba mararraba, ba mota, ba yaro mai tsallake titi. A kan hanya kuwa, in an ja birki, nauyin mahayi yana komawa ga tayar gaba ne, kuma ita ce ke tsai da keke da sauri. Wanda ya dogara ga tayar baya kaɗai yana bukatar tazara mai tsawo kafin ya tsaya, in kuwa akwai rairayi a kan kwalta, sai tayar ta zame da shi.

An riga an ga sakamakon wannan ganganci. A shekarar 2016, a birnin Landan, wani saurayi a kan fiksi marar birkin gaba ya kaɗe wata mata tana tsallake titi, ta rasu. A shekarar 2017 kotu ta yanke masa hukuncin tsarewa na wata 18. Dokar Ingila ta ce dole irin wannan keke ya kasance da birkin gaba, ta Jamus kuwa ta ce kowane keke ya kasance da birki biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane wajen miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Bukoki kuwa ba ta jira yayin Turai ba kafin ta san keke marar birki. Kowa ya sha ganin yaro yana gangarowa, ya sa silifa a kan taya ko ya ja ƙafa a ƙasa domin ya tsaya. Nan rashi ne da sakaci suka kawo haka: robar birki ta cinye, waya ta tsinke, aka ce sai gobe, goben kuwa ba ta zo ba. To, a unguwa mai cunkoso irin wannan, inda amalanke, ƴan kabu-kabu, taksi, awaki da ƴan talla suke raba hanya ɗaya, keke marar birki haɗari ne, ko na ado ne ko na rashi. Sabuwar gadar sama ta Diori Hamani da aka buɗe a shekarar 2018 kusa da Katako ta sauƙaƙa wa motoci wucewa, mai keke kuwa har yanzu a gefen kwalta yake neman wurin raɓawa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata iyaye su duba keken ɗansu kafin ya fita, yadda suke duba ko ya karya kumallo. Ya kamata masu gyaran keke na Bukoki da Katako su ɗauki alkawari tsakaninsu cewa keke ba zai bar rumfarsu ba birki ba, kuma duk saurayin da ya zo a haɗa masa fiksi, a ɗaura masa birkin gaba ko a mai da masa kuɗinsa. Malaman makaranta su koya wa yara dokokin hanya, ƴan sanda kuma su riƙa yi wa masu keke gargaɗi kafin a kai ga tara. Hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER, ta sa masu keke a cikin aikinta na faɗakarwa, hukumar birnin Yamai kuma ta tuna da su duk lokacin da za a shimfiɗa sabuwar hanya, a ware musu gefe.

Ba wanda zai hana saurayi son abin zamaninsa. Ya hau fiksi, ya yi masa fenti, ya yi tsere da shi a filin da aka tanada. Amma in zai shigo da shi cikin jama'a, to ya ɗaura masa birki da ƙararrawa da fitila, domin kuɗin robar birki bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.