Ceto Ba Gidan Haya Ba Ne



A wannan shafi mun saba sa sanarwar taro, da ta aure, da ta rasuwa. Maganar yau tana da ɗaci, kuma sai da muka zauna da shugabanni kafin mu rubuta ta. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata uwa daga cikinmu, wadda ta fi shekara 30 tana bin Ubangiji, ta kwanta a asibiti a nan Legas. Ba za mu faɗi sunanta ba, ko na asibitin, ko na wanda ya jawo wannan magana. Wata 7 ba ta fita kasuwa ba, ɗan jarin da take sayar da hatsi da shi duk ya tafi ga magani. Wani mai wa'azi da ke leƙo taronmu jefi-jefi ya je dubiya, ya ce ƙungiya ce ta aiko shi. Bayan gaisuwa sai ya tambaye ta yaushe rabonta da ba da zakka. Da ta faɗa masa, ya buɗe Malakai sura 3, ya ce ta yi wa Allah fashi, kuma idan ta mutu a haka an riga an share sunanta daga littafin rai. Ya rubuta lambar asusunsa na banki a takarda, ya ajiye kusa da kwanon abincinta. 'Ya'yanta suka ci bashi suka tura. Da muka je dubiya bayan kwana 2, ta kama hannun shugabar zumuntar mata tana hawaye, tana tambaya: "Kuɗin ya isa kuwa? Ko da saura?"

Wannan tambaya ce ta sa muka yi rubutun nan. Matar da ta koya wa yaranmu addu'a tana kwance tana lissafin ko ta gama biyan Allah.

Mu mazauna Legas mun san zaman haya. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Obalende, da wuya ka sami wanda bai taɓa jin faɗuwar gaba ba idan shekara ta zagayo. Ka biya, ka zauna. Ka kasa, a ba ka notis, a fitar maka da kaya waje. Abin da wasu masu wa'azi suka yi shi ne sun ɗauki wannan tsoro da muka sani, sun liƙa wa Allah. Sun mai da shi mai gidan haya, sun mai da ceto ɗaki, su kuma sun naɗa kansu masu karɓar kuɗin. Mun ƙi wannan koyarwa, kuma ga dalilanmu.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki da kanku. A Yohanna 10:27-29 Yesu ya kwatanta kansa da makiyayi, ya kuma ɗora tsaron garken a kan ƙarfin hannunsa da na Ubansa. Bai ɗora shi a kan wayon tumakin ko aljihunsu ba. A Afisawa 2:8-10 Bulus ya kira ceto kyauta, ya sa ayyuka masu kyau a bayansa, kamar yadda 'ya'yan itace suke zuwa bayan dashe. A 1 Yohanna 5:13 manzon ya faɗi abin da ya sa ya rubuta wasiƙar: domin masu bi su san abin da suke da shi, su daina zaman zullumi. A Galatiyawa 4 an nuna mai bi ɗa ne a gida, magaji kuma. Ɗa yakan yi laifi, a tsawata masa, har a hore shi. Amma wa ya taɓa jin uba ya ba ɗansa notis don bai biya kuɗin ɗaki ba? Ku tuna kuma da ɗan fashin da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23. Hannuwansa a kafe suke, ba shi da ko sisi, ba shi da sauran lokacin gyara komai. Roƙo ɗaya ya yi, aka amsa masa nan take.

Mun san abin da wani zai ce: "Sakatare, ai ƙungiyarmu ba ta ikkilisiya ɗaya ba ce. Ba dukanmu muka yarda cewa wanda ya sami ceto ba zai taɓa rasa shi ba." Gaskiya ne. A cikinmu akwai 'yan ECWA, da Baptist, da Anglican, da COCIN, da Katolika, da Assemblies of God, da Deeper Life. Wasunmu sun tashi da koyarwar cewa wanda Allah ya ceta da gaske, Allah zai riƙe shi har ƙarshe. Wasu kuma sun tashi da koyarwar cewa mai bi yana iya juya baya ya rasa abin da ya samu, suna kafa hujja da gargaɗin da ke Ibraniyawa 6:4-6 da 10:26-29. Waɗannan ayoyi suna nan, ba mu da ikon goge su, kuma ba ma raina wanda ya ɗauke su da nauyi.

Wannan gardama ta girme mu duka. A ƙasar Holand, wani malamin tauhidi mai suna Arminius ya saɓa wa wasu koyarwar almajiran John Calvin. Bayan rasuwarsa a 1609, mabiyansa suka rubuta matsayinsu a 1610. Aka kira babban taron ikkilisiya a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, taron ya tsaya a kan cewa Allah yana kiyaye zaɓaɓɓunsa har ƙarshe. Daga baya a Ingila, John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya koyar cewa mai bi yana iya fāɗuwa daga alheri. Duka koyarwar biyu sun iso ƙasar nan ta wannan gaɓar teku da muke zaune. Thomas Birch Freeman na Methodist ya sauka a Badagry a 1842. Mutum 3 na farko na mishan ɗin SIM, wato Gowans da Kent da Bingham, sun sauka a Legas a 1893, kuma daga aikin wannan mishan ne ECWA ta fito a 1954. Abin da manyan malamai suka yi shekara 400 suna ja-in-ja a kai, ba sakataren ƙungiya ne zai yanke shi a shafin Facebook ba.

Amma ku lura da wani abu. Shi Wesley ɗin, da ya ce ana iya fāɗuwa, yana cikin waɗanda suka fi kowa wa'azin tabbacin ceto. Ya ba da labarin yadda ya sami wannan tabbaci a zuciyarsa ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya kuma koyar cewa Ruhu Mai Tsarki yana shaida wa mai bi cewa shi ɗan Allah ne. Fāɗuwar da ɓangarensa suke tsoro ita ce mutum ya watsar da bangaskiya, ya juya wa Almasihu baya, ya dage cikin zunubi ba tuba. Ina wannan, ina tsohuwar da ke kwance tana kiran sunan Yesu dare da rana? Ku ɗauki koyarwar Dort, ku ɗauki ta Wesley, ku auna abin da aka faɗa wa uwarmu. Babu inda ya shiga. Ɓangare ɗaya zai ce mata Allah yana riƙe da ita. Ɗayan zai ce mata tun da tana riƙe da Almasihu, tana cikin ceto. Babu wanda zai miƙa mata lambar asusu.

Ko 'yan'uwanmu Katolika, da ikkilisiyarsu ta koyar a taron Trent a 1547 cewa mutum ba zai iya samun cikakken yaƙinin makomarsa ba sai da wahayi na musamman, abin da suke kai wa majinyaci shi ne addu'a, da shafewa da mai, da bege ga jinƙan Allah. Sun kuma san illar haɗa gafara da kuɗi. A 1517 Martin Luther ya tayar da magana a Jamus saboda yadda irin su Johann Tetzel suke sayar da takardun da aka ce suna rage wa mutum hukuncin zunubi, har ga wanda ya riga ya mutu. A 1567 Paparoma Pius na 5 ya soke duk irin wannan takarda da aka haɗa ta da biyan kuɗi. Cinikin da aka rufe tun wancan lokaci, shi ne wani ya buɗe mana a ɗakin asibiti. Kuma tun kafin su duka, a Ayyukan Manzanni 8, Siman mai sihiri ya kawo kuɗi yana neman baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya.

Wani kuma zai ce: "Idan kuka cire tsoro, mutane za su sake. Kowa zai ce ai na sami ceto, sai ya yi abin da ya ga dama." Wannan damuwa ba ta banza ba ce. Mun taɓa jin wanda aka tambaya kuɗin adashi da ya riƙe, ya ce shi dai cetonsa yana nan daram. Irin wannan ma muna da magana da shi. Bulus ya amsa masa tun a Romawa 6, Yakubu kuma a sura 2 ya nuna bangaskiyar da ba ta haifar da aiki gawa ce. Su kansu malaman Dort sun rubuta cewa mai bi na gaskiya yana iya yin babban zunubi, amma Allah yakan komo da shi ga tuba, kuma tabbacin ceto yana haifar da tawali'u da tsoron Allah. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3, ya fita ya yi kuka mai zafi, aka maido shi. Wanda ya cinye haƙƙin 'yan'uwa yana dariya, alamar da yake nunawa ba ta ɗan gida ba ce. To, maganin wannan shi ne dattawa su kira shi, a yi masa horo, ya mayar da abin da ya ci. Laifinsa ba zai zama dalilin tsorata gwauruwa marar lafiya ba. Mun kuma lura cewa masu wa'azin tsoron nan ba sa zuwa ƙofar mai ƙarfi. Wajen mai gadi suke zuwa, da ɗan acaɓa, da tsohuwar da ba ta iya karatu ba.

Maganar zakka kuwa, ba mu hana kowa bayarwa ba. Mu ma muna bayarwa, da ita ake riƙe fastocinmu da masu bishara a ƙauyukan gida. Amma zakka ɗaya bisa goma ce ta abin da mutum ya samu. Wadda ta yi wata 7 ba ta sami komai ba, nawa ake binta? Malakai da al'ummar Isra'ila yake magana, da firistocinta, a kan abincin da ya kamata ya shiga rumbun Haikali, kuma a cikin wannan sura ta 3 ɗin ya lissafa masu zaluntar gwauraye da marayu cikin waɗanda Allah zai hukunta. Mai wa'azin ya karanta aya ta 8, ya tsallake ta 5. A 2 Korantiyawa 9:7 kuma an hana bayarwa ta tilas da ta baƙin ciki. Kuɗin da aka ci bashi aka tura cikin kuka, wane suna za mu ba shi?

Saboda haka ga abin da shugabanni suka tsayar. Daga yau babu wanda zai je dubiya da sunan ƙungiya sai tare da ɗaya daga cikin dattawa ko shugabannin zumuntar mata. Ba a yarda a yi maganar zakka, ko baiko, ko wani alkawarin kuɗi a bakin gadon majinyaci ba. Duk wanda aka ba lambar asusu a kan maganar cetonsa, ya kawo mana takardar, ba za mu tona sunansa ba. Mun aika wa mai wa'azin da wakilai 2, mun nemi ya mayar da kuɗin, ya kuma je ya roƙi uwar nan gafara. Idan ya yi, ƙofa a buɗe take, domin alherin da muke karewa shi ma ya shafe shi. Kafin nan, asusun taimako zai biya bashin da 'ya'yanta suka ci.

Matasa, ku da kuka iya karatu, ku zauna da iyayenku ku karanta musu waɗannan wurare da Hausa, a hankali. Idan kun ji koyarwar da ta ɗaure muku kai, ku kai wa faston ikkilisiyarku kafin ku taɓa aljihu.

Uwarmu tana samun sauƙi. Faston ikkilisiyarta ya je ya karanta mata Romawa 8 daga farko har ƙarshe, 'yarta ta ce a daren nan ta yi barci. Ku ci gaba da sa ta a addu'a, tare da sauran marasa lafiyarmu. Taron wata yana nan kamar yadda aka saba, kuma wanda yake ganin mun yi kuskure a wannan rubutu ya zo da Littafinsa, za a ba shi dama ya yi magana.

Allah ya riƙe mu har ƙarshe. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.