Ruwa na Ƙasa Sai ga Wanda Bai Tona Ba

A majalisun 'yan boko, daga Ikara har Hunkuyi, akwai maganar da ta zama waƙa: wai Turawa ne suka rubuta tarihinmu, saboda haka ba abin dogaro ba ne. Tana da daɗin ji, amma ragwanci ne aka naɗa wa rawani.

Gaskiya ne wasunsu sun yi ɓarna. H.R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya fassara Tarihin Kano a 1908, ya jingina kafuwar daulolinmu ga baƙin da suka zo daga nesa, kamar dai Bahaushe bai iya gina birni ba sai an koya masa. To, wa ya rushe wannan ra'ayi? Wani ɗan Ingila ne, H.F.C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith.

Ya koyar a Ibadan, sannan ya dawo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. A maƙalarsa ta 1970 ya nuna cewa labarin Bayajidda bai isa ya bayyana asalin sarauta ba. Daga ƙauye da gari da birni ta tsiro, bisa noma da ƙira da fatauci. A shekarar ce kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Ya yaye ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman, ya rasu a 1984 yana ɗan Nijeriya.

Palmer da Smith ƙasarsu ɗaya. Abin da ya raba su hujja ce, kuma da ita ake auna masanin tarihi.

Yanzu mu koma kanmu. Shekara fiye da 40 da rasuwarsa, wa ya zauna da dattawan Maƙarfi ya rubuta yadda rake da mazarƙwaila suka gina kasuwarsu? Wa ya bi zaurukan malaman Kudan ya ɗauki hoton takardun ajami da ke cikin gafaka kafin gara ta riga shi? Jami'a na nan kusa, wayar da ke aljihunmu tana naɗar murya, dattawa kuwa kullum jana'izarsu muke yi.

Ƙananan hukumomin nan uku su ɗauki nauyin ɗalibansu masu karatun tarihi, su tura su gida-gida, a kai kwafin abin da aka samu Gidan Arewa. Wanda bai yi wannan ba, ya bar zagin wanda ya yi.