Zauren Kwamfuta: Baƙo Ma Da Nasa Lasisin

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou, wani matashi mai gyaran kwamfuta a nan Kilomita Biyar ya tare mu da tambaya. Ya ce wani ɗan kasuwa ya sayi kwamfuta mai Windows 11, amma tsohuwar manhajar lissafin shagonsa ta ƙi aiki a kanta. Shi ne ya buɗe masa wata kwamfutar a cikin cikinta da VirtualBox, ya zuba tsohon Windows. Shin lasisin da ya zo da na'urar ya wadatar da su duka biyun?

Amsa ita ce a'a. VirtualBox kyauta ne, amma Windows da aka zuba a cikinsa ba kyauta ba ne. Lasisin da kamfani ya haɗo da na'ura, na wannan na'urar ne kaɗai, kuma kwafi ɗaya ya halatta. Kwamfutar ciki kuwa Microsoft na ƙirga ta a matsayin na'ura ta daban. Kamar ka raba rumfarka biyu ne ka saka wani ɗan kasuwa: rufi ɗaya, amma kowa da fatantinsa. Kamfanin Apple ya fi tsanani, don bai yarda a kunna macOS ba sai a kan na'urarsa.

Kada mu ce wannan dokar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. A nan Bangui aka sa hannu a yarjejeniyar 2 ga Maris 1977 wadda ta kafa hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde, kuma dokar haƙƙin mallaka da ke ƙarƙashinta a yau ta haɗa da manhajojin kwamfuta.

Abin da ya fi damunmu shi ne lissafin mutane. Windows na sata yakan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, ranar da ya tsaya kuwa, littafin bashin shekaru ya tafi, mai gyara ne zai sha kunya. Araha ba ta ado. Mu kuma tuna cewa Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, na Windows 7 kuwa tun Janairun 2020, saboda haka tsohon Windows da ke ciki kada a haɗa shi da intanet.

Shawararmu ga masu gyara: ku faɗa wa mai kaya gaskiya kafin ku taɓa na'urarsa. In aikin sai da Windows, a sayi lasisi na biyu. In ba dole ba ne, ga Ubuntu da sauran dangin Linux, a zuba ko sau nawa ba a biyan ko dala. A kuma riƙa kwafe lissafi a ajiye a wani wurin duk mako.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.